Tiyon da Aka Bari a Buɗe

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa Alhaji, kuma a cikinsu ko ƙwayar dabino ban taɓa ɗauka a motarsa ba sai ya ce in ɗauka. Na fara da wannan ne don abin da ya raba mu sata ce, wai kuma ni na yi ta. Har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗauki zafi.

Alhaji babban sakatare ne da ya yi ritaya. Gidansa yana GRA, irin tsofaffin gidajen nan masu faɗin tsakar gida, an zube ta da tsakuwa, ga mangwaro biyu da rumfar kwano inda yake zama da abokansa. Ni kuwa daga Tirwun nake zuwa kullum da sassafe, in koma bayan magariba. Motar tsohuwa ce, 'yar Kwatano, ruwan toka, ta ma girmi babbar 'yata. 'Ya'yansa sun sha cewa za su canza masa, yakan ce shi da ita sai dai ɗaya ya binne ɗaya.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko tun zamanin da ake kwana a layin mai. Duk Juma'a, da mun taso masallaci, sai mun biya gidan mai an cika tanki, ko da rabi bai tafi ba. Kuma ba cikawa irin wadda famfo ke so ba. Da kan famfon ya yi ƙas ya tsaya, sai Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, "Girgiza ta." In dafa bayan motar da hannu biyu in yi ta jijjiga, shi yana ciki yana rangaji da carbinsa, man ya faɗa, a ƙara, in sake jijjigawa, har sai mun ga fetur ya tsaya a bakin tanki yana ƙyalli. Ba mu kaɗai ba ne. Ka je kowane gidan mai a Bauchi za ka tarar da manyan mutane suna rawa da motocinsu. Babu wanda ya taɓa ce mana akwai laifi a ciki.

Wata shekara, gab da shigowar bazara, motar ta fara wani hali. In an sha mai ba ta tashi da wuri. Sai in yi ta murɗa makulli tana tari, na bayanmu suna danna oda, Alhaji yana tsaki. Juma'a ta uku ya ce in kai ta wurin bakanikensa.

Garejin bakaniken nan yana kan hanyar Inkil. Mutum ne mai zaƙin baki, mai son gayu, wanda in ka gan shi ranar Juma'a cikin shadda za ka rantse kwamishina ne. Ya daɗe da Alhaji fiye da ni, kuma duk Juma'a da rana yana zuwa gaisuwa ya ci tuwon gidan. Ya saurari bayanina, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar ta baya. Can sai ga shi ya fito da wani baƙin gwangwani na roba, girmansa kamar ƙaramar robar man gyaɗa. Ya girgiza shi a kunnena, na ji ruwa yana motsi a ciki.

Ya ce, "Mutumina, ka ga mai laifin. Kayan Turawa ne, na ƙasar sanyi. Su ne ke tsoron wari. A nan ba shi da aiki sai shaƙe mota."

Ya wurga shi kan tulin ƙarafa. Tiyon da ke tafiya wajen injin ya toshe shi da tsohon fulogi. Ɗayan, wanda ya fito daga tanki, ya lanƙwasa ya cusa shi can sama inda ido ba ya kaiwa, bakinsa a buɗe. Ina tsugune ina kallonsa. Da ya tayar da motar wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ita ma ya zare gilashin ya cire mata ƙwai. Ya ce, "Ita ma gulma ce kawai aikinta." Na yi dariya, wallahi na yi. Har na ce masa hannunsa akwai albarka. Juma'ar da ta biyo, muna gama girgiza, murɗa ɗaya motar ta tashi, Alhaji ya ce, "Ka ga aikin masu sani."

Sai zafi ya sauko da gaske, irin wanda kwalta ke yin laushi. Hajiya, matar Alhaji, ita ta fara magana. Wata Asabar za mu kai ta gidan suna, tana shiga ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce motar nan wari take kamar rumfar 'yan bumburutu. Na wanke ta ciki da waje, na shanya tabarmin ƙafa, na duba but ko wani ya bar galan. Babu komai. Washegari warin yana nan.

Shi kuwa Alhaji allurar mai yake kallo. Da can in an cika Juma'a, allurar ba ta barin kan cika sai Litinin. Yanzu tun Lahadi da safe ta sunkuya, alhali ba mu je ko'ina ba sai masallaci da asibiti. Ya fara tambayata ina na je bayan na sauke shi. Ya fara karɓar makulli da la'asar. Ni da ke wuni a cikin motar, rigata ta ɗauki warin, har matata ta ware mata ƙusa daban a tsakar gida. Wata safiya na sunkuya ina ajiye masa takalmi, na ji ya ja numfashi a kan kafaɗata. Na gane warin fetur yake nema a jikina.

Ranar wata Laraba da hantsi ya kira bakaniken gida. Tanki ya sauka wajen rabi, gari bai gama zafi ba. Mutumin ya shiga ƙarƙashi, bai fi minti biyar ba ya fito yana kakkaɓe gwiwa.

"Ranka ya daɗe, motarka lafiyarta ƙalau. Ko ɗigo babu."

Alhaji ya ce, "To ina man yake tafiya?"

Bakaniken ya kalle ni. Ba zan manta da kallon ba, don har da ɗan murmushi a ciki. Sannan ya sunkuyar da kai irin na mai kunya ya ce, "Ni dai ƙarfe na sani, ranka ya daɗe. Mota ba ta zuƙe kanta. Sai dai a tambayi mai riƙe da makulli."

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da sai ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in ajiye makullin a kan tebur. Na durƙusa na ce, "Yallaɓai, a kawo Alƙur'ani in dafa." Ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ka rantse. Kada ka ƙara wa kanka nauyi." Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo, ta fi ta bakaniken ma. Na fita da ƙafa, maigadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa yana kallon ƙasa.

Labarin ya riga ni isa Tirwun. Ban san bakin da ya kai shi ba. Kafin mako ya zagayo kowa ya san an kori direban Alhaji saboda yana zuƙe mai da tiyo yana sayar wa 'yan bumburutu, har da waɗanda suka ce sun taɓa ganina da galan. A masallaci ana ba ni hannu, amma da an saki hannun hira ke mutuwa. Wurare biyu na nemi aiki, duka biyun suka ce za su kira ni bayan sun tuntuɓi inda na baro. Ina nan ina jira har yau. Mu talakawa ba mu da gida a GRA, ba mu da fansho. Abin da ake ɗaukar mu aiki da shi, a ba mu aure da shi, a saurare mu da shi in mun yi magana, shi ne a ce wane ba ya taɓa kayan mutane. Shi aka ƙwace mini.

Kwana takwas da korata aka ɗauki sabon direba. Ƙanin matar bakaniken ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Bayan kwana biyu kuma ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Maigadi, wanda bai daina kirana a waya ba, ya ce mini Hajiya tana ta faɗa wa baƙi cewa tun da aka sallami mutumin nan mota ta daina wari. Na kashe wayar na zauna a bakin rijiya. A ranar har ni kaina na fara tunanin ko aljani ne ke shan man a madadina.

A ƙarshe na sami tuƙin wata tsohuwar motar ruwan leda, ina zagaya shaguna. Mai gyaran motar wani dattijo ne ɗan wajen Tafawa Ɓalewa, kowa Baba yake ce masa. Ya yi shekaru a wani kamfanin haɗa motoci kafin ya buɗe rumfarsa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma kunnensa yana raba ƙarar injin goma. Wata rana cikin sanyi na kai masa motar ruwan, na tarar da wata mota irin ta Alhaji sak a kan rami, shi kuma yana ƙasa yana ɗaura mata wani baƙin gwangwani. Na gane shi nan take. Sai na leƙa da murya irin ta wanda ya san abu na ce, "Baba, bar wahalar da kanka. Wannan ai kayan Turawa ne, cirewa ake yi."

Ya fito daga ramin a hankali, ya goge hannu, ya dube ni tun daga hula har silifa.

"Wane jaki ya gaya maka?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce tanki ma numfashi yake. Fetur in ya ji zafi yana tayar da tururi, kuma dole tururin ya sami hanya. Gwangwanin nan, kanista sunansa, gawayi ne a cikinsa, shi ke kama tururin ya riƙe. In injin ya tashi sai wani ɗan bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi, ba asara ba wari. Ya ce, "Amma ku da girgiza mota. Famfo ya ce ya isa, ku ce ƙarya yake. Mai ya bi tiyo ya shiga gawayi, gawayi ya nutse. Shi ya sa motar ba ya tashi in an sha mai. Maganinsa a sa wani, a daina girgiza."

Na ce, "In kuma aka cire shi, aka bar tiyon tanki a buɗe fa?"

"To ka buɗe masa ƙofa ke nan. Tanki cike har wuya, rana ya buga, mai ya kumbura, ina zai bi? Yana ɗiga kana tafiya, yana ɗiga kana tsaye, ƙasa mai zafi ya shanye kafin ka gani. Sauran ya tafi a iska. Lokacin sanyi ba za ka ji sosai ba. Bari bazara ya zo."

Nan take na gane inda man Alhaji yake tafiya. Na ba shi labarin duka, tun daga fulogin har makullin a kan tebur. Ya daɗe yana kaɗa kai. Sannan ya ce, "Tashi ka je ka gaya masa yau. Tartsatsi ɗaya daga salansa, motar ya kama wuta da mutane a ciki."

Ban je ba.

Na gaya wa Baba dalilin da ya ji da daɗi. Na ce yanzu sanyi ne, in na je ba za a ga ɗigo ba, kuma bakina ba zai ja da na bakaniken ba. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba. Sauran ita ce ba na son a gyara motar a ɓoye a ce mini Allah ya ba da haƙuri. So nake bakaniken nan ya sha abin da ya ba ni, a gaban mutane, da rana tsaka. Na san akwai tsoho mai hawan jini da ke shiga motar nan kullum. Na san jikokinsa suna shiga in sun zo hutu. Nakan roƙi Allah ya tsare su bayan kowace salla, sannan in tashi in ci gaba da jirana. Ba na kare kaina, abin da na yi nake faɗa.

Wata huɗu na yi ina shiri. Na bi 'yan gwangwan rumfa rumfa har na samo kanista irin na motar, da bawul ɗinsa, da tiyo sabo. Baba ya hura shi da baki, ya jijjiga, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce busasshe ne. Duk ranar da irin motar ta shigo rumfarsa sai ya kira ni, in shiga rami in kwance in ɗaura, yana tsaye a kaina yana zagina. Sai da na iya aikin ko ido a rufe. Kayan suna cikin buhu a ƙarƙashin gadona. Matata takan ce, "Malam, don Allah ka kai musu abin nan ka huta." In ce mata rana ba ta yi zafi ba tukuna.

Hanyar raba ruwana kuwa ta gaban garejin bakaniken take bi. Da zan iya canza hanya, amma na ƙi. Yakan hango ni daga kan bencinsa ya ɗaga hannu ya ce, "Mutumina, an koma ruwa? Gara haka, shi ba ya wari." Masu zama da shi su kwashe da dariya. Ni ma in yi murmushi in danna masa oda. Kowace irin wannan na ajiye ta, ban zubar da ko ɗaya ba.

Da zafi ya dawo, mangwaro ya fara nuna, sai ga wayar maigadi. Ya ce warin ya dawo. Hajiya ta fara toshe hanci. Alhaji ya koma kallon allura, har ya fara karɓar makulli da la'asar. An kira bakaniken, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe bai fito ba, da ya fito ya ce zai yi bincike. Na yi dariya ni kaɗai a cikin motar ruwa har hawaye. In ya ce motar lafiya lau, ya mai da ƙanin matarsa ɓarawo. In ya ce tana yoyo, to me ya gani bara? Na bar shi a cikin wannan har Juma'a biyu. Ko ya gano tiyon a lokacin ya rasa yadda zai taɓa shi ba tare da ya tona kansa ba, ko har lokacin bai gane ba, ban sani ba, ban kuma damu ba.

Juma'a ta uku na sa wankakkiyar rigata na ɗauki buhuna. A hanya, cikin keke, na yi ta bitar abin da zan roƙa. Na san Alhaji. Mutum ne da in gaskiya ta kama shi a gaban jama'a zai ce a faɗi abin da ake so. Kuma abin da nake so ɗaya ne, ya shiga motarsa ya zo Tirwun ya yi la'asar a masallacinmu, bayan sallama ya miƙe ya ce wannan bawan Allah bai ɗaukar mini komai ba. Magana ɗaya ce daga bakinsa. Na maimaita ta a raina har muka shigo GRA.

Na tarar da su a rumfa, Alhaji da abokansa huɗu, duk tsofaffin ma'aikata, an ajiye kwanukan tuwo. Bakaniken yana gefen tabarma cikin farar shadda mai aiki a wuya, guga tana ƙyalli. Motar tana tsakar gida a rana, ba a fi rabin sa'a da dawowa daga gidan mai ba. Sabon direban yana tsugune a inuwar mangwaro shi kaɗai. Na ga fuskarsa na gane ta, don irinta na sa bara. Wannan mutumin bai yi mini komai ba, kuma da saninna na bar shi ya yi makonni a haka.

Na yi sallama na durƙusa. Alhaji ya amsa a daƙile.

Na ce, "Yallaɓai, ba aiki na zo nema ba. Minti goma nake roƙo, kuma ba zan taɓa motarka ba."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce a bar ni. Na zaro faffaɗan kwali daga buhu na tura shi ƙarƙashin motar ta baya, na dawo na tsaya a rana na harɗe hannu. Ba wanda ya ci gaba da cin tuwo. Da na jawo kwalin, ga tabo nan jiƙe sharkaf, faɗin faranti, wari ya bugi kowa har rumfa. Na kai shi gaban Alhaji na ajiye. Na zaro kanista na ɗora a kai. Na yi bayani kamar yadda Baba ya yi mini, ban rage ba, har da laifin girgizarmu, nawa da nasa. Na faɗi ranar da aka cire, da inda aka jefar, da tsohon fulogin da ke cikin tiyo har yanzu in ana son a gani.

Alhaji ya juya ya dubi bakaniken. "Haka ne?"

Bakaniken ya ɗan gyara hula. "Ranka ya daɗe, ai kowa haka yake yi a garin nan. Ɗan kuskure ne na aiki. Wa ya fi ƙarfin kuskure?"

Alhaji ya dubi kwalin da ke gabansa. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya dube ni, karo na farko ido cikin ido tun ranar makulli, ya ce, "An zalunce ka, kuma da hannuna. Faɗi abin da kake so a yi maka."

Maganar tana bakina, na haddace ta. Amma idona ya sauka a kan bakaniken, na ga yana ɗauke wata ƙwayar shinkafa daga hannun rigarsa da farce, a hankali, kamar ba da shi ake ba. Ɗan kuskure. Jinina ya hau kaina gaba ɗaya.

Na ce, "Ya shiga ƙarƙashi ya mayar da shi da hannunsa. Yanzu, da kayan da ke jikinsa."

Alhaji ya ce, "Shi ke nan abin da kake so?"

Na ce, "Shi ke nan."

Bakaniken ya ce a bari ya je gida ya sako kayan aiki. Alhaji bai ko kalle shi ba, ya ce, "Ka ji abin da ya ce." Bakaniken ya nemi kwali, na taka nawa da ƙafa. Haka ya kwanta rigingine a kan tsakuwar da rana ta gasa tun safe, ya ja jiki ya shiga. Na tsuguna a gefe ina miƙa masa sifana, ina ba shi umarni da ƙarfi yadda 'yan rumfa za su ji. "Ba nan ba, Injiniya. Wannan na tanki ne. Na injin shi ne wanda ka toshe." Da ya jawo tiyon da ya ɓoye, fetur ɗin da ya taru a lanƙwasar ya zubo masa a ƙirji, ya bi aikin wuyan rigar ya gangara. Ya ɗaura bawul a juye, na bar shi ya gama ɗaurewa tsaf, sannan na ce ya kwance. Aikin da nake yi a minti ashirin ya ci masa sa'a ɗaya da rabi. Da ya fito, shaddar ta tashi daga fara, hular ta faɗi can ƙarƙashi, bayansa duk shatin tsakuwa. Ya wuce ta gaban rumfar yana warin fetur, dattawan nan suna kawar da kai. Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko ranar aurena.

Na karɓi makulli na murɗa, motar ta tashi. Na miƙa wa sabon direban makullinsa na ce masa in famfo ya tsaya shi ma ya tsaya. Alhaji ya ce, "To, magana ta ƙare." Abokansa suka shafa fatiha.

Sai da na sauka daga keke a Tirwun, na ga mutanen da ke zaune a ƙofar masallaci sun amsa sallamata kamar kullum, sannan na tuna abin da na je nema. Babu ɗayansu da ya ga kwalin. Na ba su labarin da bakina, sun saurara, sun ce Allah ya kyauta, wani ya ce ai dama abin duniya sai haƙuri. A idonsu na ga mutumin da aka kora yana ba da nasa labarin ne kawai.

Na so in koma. Amma na riga na ce shi ke nan a gaban dattawa biyar, kuma babban mutum ba ka zuwar masa da roƙo na biyu a kan maganar da ya rufe da fatiha. Na ce bari in bari sai bayan bikin salla, in je da sunan gaisuwa in sako maganar. Kafin sallar ciwonsa ya tashi, ya shanye masa gefe ɗaya da harshe, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Abuja. An kulle gidan, an sayar da motar, maigadi ya koma garinsu. Bakaniken yana nan a garejinsa. Ya daina ɗaga mini hannu, ni kuwa ban daina danna masa oda ba, kuma ban yafe masa ba.

A watan jiya mutanen unguwarmu suka haɗu aka sayo wa masallaci janareta. Bayan magariba aka zauna a tsai da wanda zai riƙa ajiye jarkar mai yana kula da injin. Wani maƙwabcina, da kyakkyawar niyya, ya ce ai ga wane nan, gidansa ne jikin masallaci, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi sanin injin. Wani ya yi gyaran murya, wani ya shiga duba wayarsa. Liman ya ce gaskiya ne, sai dai Malam yana da yawan zirga-zirga, kada a ɗora masa nauyi. Aka ba wani tela da bai san inda ake zuba man ba. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a Allah ya ba shi ikon riƙe amana, na ce amin tare da kowa.